Ƙannena, wannan zafin kan na mene ne?

Shekaranjiya da la'asar a bakin wata mahaɗa, mai adaidaita sahu ya ɗan gogi babur ɗin wani saurayi. Ko fenti bai kankare ba. Kafin ka ce kwabo an zagi uwa an zagi uba, an ci kwala, saurayin ya sunkuya ya ɗauko dutse ya fasa gilashin gaba, ga mata da yara a ciki. Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, yi haƙuri." Sai ya juyo ya ce, "Baba, ba ruwanka." Sauran samarin wurin kuwa babu wanda ya raba, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka.

Kun mayar da fushi ado. "Ni ba a taka ni," "ni ba na ɗaukar raini," har da alfahari kuke faɗa. A majalisa gardamar ƙwallo ta kai ga wuƙa, a Facebook a ɗan saɓa maka fahimta ka zagi dangin mutum kaf. Hausawa suka ce fushin fari ba naka ba ne, ku kuma shi kuka fi riƙewa.

Ku da kuke kwana kallon finafinan Indiya, abin da kuka ɗauka shi ne jarumi ya zare ido ya doke mutum goma. Kun taɓa tambayar abin da malaman Hindu ke koya wa nasu yaran a kan fushi? Ba addininsu nake tallata muku ba, Allah ya sani, kunya nake so ku ji. A littafinsu Bhagavad Gita, babi na 2, an jero yadda mutum ke halaka: ya yi ta saƙa abu a rai har ya manne masa, mannewa ta haifi kwaɗayi, kwaɗayin ya haifi fushi, fushi ya kawo ruɗewa, ruɗewa ta mantar da shi abin da ya sani, hankali ya gushe, sai faɗuwa. A babi na 16 kuma aka ce ƙofofin wuta uku ne: sha'awa, fushi da haɗama. Ku duba wannan jerin ku faɗa mini wane mataki ne ba ku taka ba.

Har a gini suka rubuta darasin. A kudancin Indiya, wurin bautarsu yana farawa da doguwar hasumiyar ƙofa da suke kira gopuram, cike da sassaƙe-sassaƙe masu launi, wadda malamansu ke fassarawa da duniya da hayaniyarta. Mai shiga zai cire takalmi a waje, ya yi ta kutsawa haske na raguwa, har ya kai ƙuryar ciki, garbhagriha, ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu marar taga. Suka ce ginin nan tamkar jikin mutum ne, ƙuryar nan kuma zuciyarsa ce, ba a isa gare ta da surutu. Babban ɗakin bautar garin Thanjavur, wanda sarki Rajaraja Chola ya kammala a 1010, hasumiyarsa ta kai kusan mita 66, dutse ne zalla, amma duk tsawon nan a kan ɗakin shirun aka ɗora shi. Kwakwar da suke fasawa a bakin wurin ma da ma'anarta: ɓawon mai tauri girman kai ne, sai ya fashe farin ciki yake bayyana. A garin Chidambaram kuwa, siffar abin bautarsu Shiva mai rawa ta take wani ɗan gajeren halitta da ƙafa, Apasmara, alamar jahilci da gafala. Wato sun gane cewa tushen fushi shi ne "ni", kuma "ni" ɗin nan ce ke wahalar da ku.

Sannan suna horar da kansu da zaman shiru. Mutum ya tashi kafin fitowar rana, ya miƙe baya, ya bi numfashinsa yana shiga yana fita, har ya iya ganin fushi na tahowa kafin ya kai baki. Suna ba da labarin wani malaminsu na da, Vishwamitra, wanda ya shafe shekaru yana ƙuntata wa kansa don neman daraja, sai fushi ɗaya ya sa ya la'anci wata mace mai suna Rambha, wahalar shekarun ta tashi a banza, dole ya koma farko.

To mu fa? Wani ya nemi wasiyya wurin Annabi (SAW), ya ce masa kada ka yi fushi, ya yi ta maimaita masa. An ce in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kwanta, ka yi alwala. Duk kun haddace a islamiyya. Amma wa ke iya zaman minti biyar bayan sallama? Salla kamar kaza na tsattsagar tsaba, hannu na laluben waya. Ga ƙwaya, ga cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin cefane, mutum ya wuni a birkice, to ta yaya ba zai fasa gilashi ba? In rai ya ɓaci hankali ke nemo shi, ku kuwa hankalin kuka fara jefarwa.

Ku dai rage, ku riƙa cije wa rai. Mu da muka taso, in dattijon unguwa ya ce "ya isa," to ya isa, ko kai ne da gaskiya sai ka sunkuyar da kai. Ana rigima a zauren mai unguwa a gama a ci tuwo tare. Akwai kara, akwai kunyar idon manya, mai haƙuri ake kira namiji. Yanzu magidanci zai aika saki uku ta waya da tsakar dare saboda miya ta yi gishiri, gari na wayewa ka gan shi yana zagayen zaurukan malamai, wai a duba masa, cikin fushi ne ya furta.