Kura da shan bugu: 'yan matan da suka rera, wasu suka kwashe

A shekarar 1962 wani faifai mai suna "He's a Rebel" ya haye mataki na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, ɗauke da sunan ƙungiyar Crystals. Abin mamaki, babu muryar ko ɗaya daga cikinsu a ciki. Furodusa Phil Spector yana gaggawa kada wani kamfani ya riga shi fitar da waƙar, su kuwa 'yan matan suna can gabashin ƙasar. Sai ya kira Darlene Love da ƙawayenta na Blossoms a Los Angeles, suka rera, ya sallame su da kuɗin aiki, ya liƙa sunan wasu. A rediyo 'yan Crystals suka fara jin waƙar da aka ce tasu ce.

Wannan labari nake tunawa duk sanda na ji ana danganta kiɗan wancan zamani ga Spector ko Berry Gordy na kamfanin Motown, kamar masu rerawar kayan ado ne da za a cire wannan a sa waccan.

Ba na musun aikin mazan. Duk mai kunne ya san gangar da ta buɗe "Be My Baby", waƙar ƙungiyar Ronettes da Spector ya shirya a 1963, ba da ka aka buga ta ba. Amma cire muryar jagorarsu Ronnie mai 'yar rawa daga ciki, ka ga ko wani zai sake neman faifan.

Yara ne fa. Shirelles su huɗu a makarantar sakandare suka haɗu, a garin Passaic na jihar New Jersey. A Janairun 1961 suka zama ƙungiyar 'yan mata baƙar fata ta farko da ta hau saman jadawalin, da waƙar da budurwa ke tambayar saurayi ko soyayyar daren nan za ta kai gobe. Wadda ta tsara kiɗan, Carole King, ita ma shekarunta 18. Kafin shekarar ta ƙare, Marvelettes, 'yan makaranta daga Inkster kusa da Detroit, suka ba Motown lamba ɗayansa na farko. Salon kuwa ba baƙo ba ne a kunnenmu: ɗaya na bayarwa, saura na amshi, wani lokaci har kamar suna ja mata kunne.

Masu cewa zuwan Beatles ne ya farfaɗo da kiɗan Amurka su duba kundin farko na samarin Liverpool ɗin, na 1963. Cikin waƙoƙi 14, uku aro ne daga 'yan matan nan: biyu na Shirelles, ɗaya ta Cookies. A kundi na biyu suka sake ɗaukar ta Marvelettes. Bayan shekara arba'in da ɗoriya, mawaƙiyar Birtaniya Amy Winehouse ta fito da tulin gashi da jan kwalli irin na Ronnie, ba ta kuma taɓa ɓoye inda ta samo ba.

To, ina kuɗin? Shirelles sun girma suka tarar asusun da aka ce ana tara musu babu shi. Florence Ballard, wadda da ita aka kafa ƙungiyar Supremes ta Motown, an fitar da ita a 1967. Sai da ta kai ga karɓar tallafin gwamnati, ta rasu a 1976 tana da shekara 32. Ronettes sun maka Spector a kotu a 1988, aka shafe fiye da shekara goma ana shari'a.

Darlene Love kuwa har aikatau ta yi a gidajen attajiran Beverly Hills. Ta ce wata rana tana wanke banɗaki ta ji waƙarta ta Kirsimeti a rediyon gidan, daga nan ta yanke shawarar komawa dandali. Sai a 2011 aka shigar da ita zauren karrama mawaƙa na Cleveland, shekara 22 bayan an shigar da Spector.