Kiɗan da Aka Ba Mai Fiyano a Mafarki

Mai Fiyano ya gyara zaman baƙin gilashinsa, wanda ko da dare ba ya cirewa, ya ɗora yatsu a kan maɓallai biyu maƙwabta, fari da baƙi, ya yi kai da komo a tsakaninsu, sannan ya gangaro a hankali.

MAI FIYANO: Alhaji, ka dai ji da kunnenka. A mafarki aka ba ni wannan kiɗa daren Laraba, kuma zan sa shi daidai inda jarumar fim ɗinka take kuka a bakin rijiya. Kuɗinsa naira dubu 200, don ma kai ne.

ALHAJI FURODUSA: Har mafarkin ma ni zan biya?

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, kada ka ba da ko sisi. Wannan kiɗan Beethoven ne, mutumin Jamus, ana kiransa Für Elise. Ya rubuta shi a 1810, ya mutu a 1827, kuma ba a buga shi ba sai 1867, bayan da wani masani mai suna Ludwig Nohl ya gano takardar.

MAI FIYANO: Malam, ba shi ne Baturen da kuka ce kurma ne ba?

ƊAN BOKO: A hankali jinsa ya riƙa raguwa, har ya kurmance.

MAI FIYANO: To, Alhaji, kai ne alƙali. Tsakanin kurma da mai kunne biyu lafiyayyu, wa ya fi kama da mai kiɗan?

Alhaji ya yi shiru, domin a ganinsa hujjar ba ta da laifi, farashin ne kawai yake da shi.

ƊAN BOKO: Duniya ta daɗe tana ɗiba daga wannan rumbu. Mawaƙin Amurka Nas ya ɗora waƙarsa I Can a kan wannan kiɗa a 2002, a Taiwan kuwa motocin kwasar shara ne suke kaɗa shi domin mutane su fito da bolarsu. Ko kyanwar nan Tom na fim ɗin katun, da ya zauna gaban fiyano a 1947 ɓera yana hana shi sakat, kiɗan Franz Liszt yake bugawa, har fim ɗin ya ci lambar Oscar.

MAI FIYANO: Wato motar shara ka haɗa ni da ita? Ni da na yi wa amare fiye da yadda zan iya ƙirgawa kiɗa, ni da ake kira daga Damagaram a ce in taɓa ko maɓalli ɗaya ta waya?

(Sau ɗaya aka taɓa kiransa daga Damagaram, shi ma kuskuren lamba ne.)

ALHAJI FURODUSA: Tsaya, na tuna inda na san shi! Shi ne kamfanin waya ya sa mini ranar da na kira in yi ƙorafi, na yi rabin awa ina jira ba wanda ya ɗauka. Shi ya sa tun da ka fara bugawa raina yake ɓaci.

ƊAN BOKO: Sai dai aron yana da tarko. A 1975 mawaƙi Eric Carmen ya ɗauki wani sashe na kiɗan Rachmaninoff, mutumin Rasha, ya gina All by Myself a kansa, yana zaton ba mai shi. Magada suka taso, ya amince ya riƙa ba su kashi 12 cikin 100 na kuɗin waƙar.

Alhaji ya dafe aljihu da hannu biyu.

ALHAJI FURODUSA: Shi wannan kurman yana da magada?

ƊAN BOKO: Wa'adin haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, kowa yana iya bugawa kyauta.

ALHAJI FURODUSA: Kyauta? Kai, wannan Bature ya san mutunci.

MAI FIYANO: Alhaji, nasa ne kyauta. Nawa na mafarki yana nan a dubu 200.

Ana cikin haka sai wata tsohuwar mota ta fara ja da baya a ƙofar situdiyo, tana fitar da kiɗan nan tiryan-tiryan da siririyar murya. Mai Fiyano ya miƙe zumbur, har gilashin ya faɗi.

MAI FIYANO: Kun gani ko? Daren Laraba aka ba ni shi, yau Asabar har masu satar fasaha sun saka shi a mota! Ku riƙe mini direban nan!

Ya fita a guje ba takalmi. Alhaji ya matso kusa da Ɗan Boko, ya sassauta murya.

ALHAJI FURODUSA: Malam, wayarka tana naɗar sauti? Je ka roƙi direban ya ƙara ja da baya sau biyu.