Kafin ka sake kiran sunan Salahuddini

Ƙannena, duk lokacin da maganar Ƙudus ta taso sai Facebook ta cika da hoton mutum a kan doki riƙe da takobi, ana ta rubuta "Ina Salahuddinin zamaninmu?" Na san ciwon da ke sa ku wannan tambaya, ni ma ina jin sa. Abin da ke damuna shi ne takobin kaɗai yawancinmu muka sani.

A shekarar 1095 Fafaroma Urban na biyu ya yi wa Turawa kira a ƙasar Faransa su tashi su karɓe Baitul Muƙaddas, wato Ƙudus, yaƙin da ake kira na Salibiyya. Ranar 15 ga Yuli, 1099 birnin ya faɗa hannunsu, suka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan kiyashi har cikin harabar Masallacin Aƙsa. Ta yaya mutanen da suka sha doguwar tafiya, yunwa da ƙishirwa suka galabaita su, suka iya cin wannan gari? Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasar Sham, birnin Halab yana hannun Ridwan, Dimashƙu tana hannun ɗan'uwansa Duƙaƙ, ubansu ɗaya, amma ba sa ga-maciji da juna. Fatimiyyawan Misira da Turkawan Saljuƙ kuwa suna ta ja-in-ja a kan Ƙudus ɗin kanta. Da alƙalin Dimashƙu, al-Harawi, ya kai kukansa Bagadaza, mutane suka zubar da hawaye tare da shi, sannan kowa ya koma gidansa. Ba a tura runduna ba. Wallahi in na karanta wannan, mu nake gani: kuka a waya, zagin juna a kan ɗariƙa da ƙungiya, sai a kwanta barci.

Shekara 88 aka yi kafin birnin ya dawo, kuma ba da ihu ya dawo ba. Sarkin Halab, Nuruddini Zanki, ya haɗe Halab da Dimashƙu a 1154, ya gina makarantu da asibiti, ya kafa gidan shari'a inda talaka ke kai ƙarar babba. Ya sa kafintocin Halab suka sassaƙa mumbari domin Masallacin Aƙsa alhali masallacin yana hannun abokan gaba, ya kuma rasu a 1174 bai ga an kafa shi ba. A gidan wannan mutum Salahuddini ya tashi, shi da yake Bakurde ne haifaffen Tikrit, ba Balarabe ba.

Bayan nasarar da ya yi a kan Turawan a yaƙin Hiɗɗin a Yulin 1187, Salahuddini ya shiga Ƙudus ranar 2 ga Oktoba. A nan nake so ku natsu. Yana da ikon ramuwar gayya, bai yi ba. Ya sa kuɗin fansa, dinari goma ga namiji, biyar ga mace, shi da ƙaninsa al-Adil suka saki mutane da yawa kyauta. Gaskiya ne dubban talakawan da suka kasa biya sun shiga bauta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ba a kwarara jini a tituna ba, ba a rushe babban cocin birnin ba, Kiristocin ƙasar kuma aka bar su a gidajensu.

To kai da kake kiran maƙwabcinka Kirista "ɗan Salibiyya", don Allah a ina ka samo wannan? Wanda kuke kasuwa ɗaya a Kaduna ko Jos, kakanninsa ba su tako daga Faransa ba. Su kansu mayaƙan Salibiyya a 1204 Kustantiniyya suka wawashe, birnin Kiristoci 'yan'uwansu. Ka ji tsoron Allah, kada ka ɗora wa bawan Allah laifin da aka yi shekara ɗari tara kafin a haife shi, kana fakewa da sunan mutumin da ya yi wa maƙiyinsa na gaske afuwa.

Salahuddini ya rasu a Dimashƙu a 1193, yana mulkin Misira da Sham. Da aka buɗe taskarsa, dinari ɗaya da dirhami 47 aka tarar. Kuɗin jana'izarsa ma sai da aka ranto.