Wai tsofaffin ukun nan ne tarkace? Haba malam

Tun jiya da daddare abin nan ke ci na, na ce zan yi shiru amma wallahi na kasa. Kun ga abin da mutumin nan ya rubuta a guruf ɗinmu, ba sai na kama suna ba, shi ya san kansa. Wai ya sayi The Bard's Tale a wayarsa, gem ɗin ya ba shi dariya, amma shi abin da ya ɓata masa rai shi ne an cusa masa wasu "tarkace" guda uku a ciki, masu hoto kamar zanen ɗan firamare, ya buɗe na farko bai yi minti biyar ba aka kashe masa mutanensa duka, saboda haka wannan cikon benci ne kawai. Har da masu danna masa alamar dariya. Tarkace fa ya ce. To sannu yallaɓai, Allah ya ƙara basira.

Ka je kasuwa ka sayi kaya mai kaya ya ƙara maka gyara, sai ka tsaya kana zaginsa don gyaran bai yi maka kyau ba? Wannan ma in mun yarda gyara ne ke nan, ni kuwa ban yarda ba. Waɗannan ukun su ne tsofaffin The Bard's Tale na asali, su ne kakanni, sabon da ya ba ka dariyar jika ne da ke tsokanar irinsu. Kuma duk Bahaushe ya san wasan jika ba ya armashi sai kaka na zaune a wurin. Yaro ya shigo ya ce wa tsohuwa ke har yanzu ba ki mutu kin bar mana ɗakin ba, kowa ya fashe da dariya, me ya sa? Don ga tsohuwar nan a kan tabarma tana harararsa, kuma kowa ya san irin wahalar da ta sha kafin a haifi uban mai tsokanar. Cire tsohuwar daga tsakar gidan ka ga ko maganar za ta ba wani dariya.

Gem ɗin da ka yaba ɗin, na 2004 ne, kamfanin inXile ya yi shi, ya fara fita a PlayStation 2 da Xbox kafin daga baya a sake fito da shi a kwamfuta da waya. Wanda ya kafa kamfanin, Brian Fargo, shi ne dai mutumin da ya kafa Interplay, kamfanin da ya yi na asalin a 1985. Ka ji ko? Wanda ya yi tsokanar da wanda ya raini abin da ake tsokana duk mutum ɗaya ne. Ya shekara kusan ashirin yana cikin sana'ar nan, ya ga duk wata al'ada ta irin waɗannan gem ɗin har ta gundure shi, sannan ya zauna ya yi mata shaƙiyanci. Ba bare ba ne ya zo daga waje yana yi wa gidan mutane dariya.

Duba yadda na 2004 ɗin ya fara ma. Kana shiga garin Houton mai mashaya ta ce ka sauka ɗakin ƙasa ka kashe mata ɓera. Duk wanda ya daɗe yana buga irin waɗannan gem ɗin ya san wannan aiken, kai da za ka ceci duniya amma sai an fara aikenka kashe ɓera kamar yaron gida. Ka sauka ka kashe ɗan ƙaramin ɓeranka kana hura hanci, sai ga wani ƙato ya fito yana aman wuta, ka hauro a guje wuta na cin bayanka 'yan mashaya na ta sheƙa dariya. Ko kerkecin nan da za ka kashe sai ga dukiya na zubowa daga cikinsa har shi mai ba da labarin ya tsaya yana mamakin ina dabba ta kai wannan kaya. Ko mai yin ganga da zai biya ka kuɗi ka riƙa farfasa gangunan mutane don kasuwarsa ta buɗe. Ko yaran nan da kowannensu aka ce masa shi ne zaɓaɓɓen da annabci ya faɗa, ka yi ta tsintar gawarsu a hanya ana fitowa ana yi musu waƙar rashin sa'a. Kai ka yi dariya don ɓera ya yi aman wuta. Wanda ya sha wuya a tsofaffin gem yana dariya ne don an taɓo masa tsohon miki, kuma dariyar ba iri ɗaya ba ce, rabi ka samu.

Na san me wani zai ce, tun kafin ya ce. Wai ai labarin na 2004 ba shi da alaƙa da na da, Fargo ma suna kawai ya samu damar amfani da shi, abin da ke cikin tsofaffin yana hannun kamfanin Electronic Arts da ya fitar da su kasuwa, shi ya sa babu Mangar, mugun bokan na 1985, babu komai. Eh mun sani, mun gode da karatu. To sai me? Jika dole sai ya gaji zanen kakarsa kafin ya tsokane ta? Ai jini ake magana. Kuma ko ƙasar da aka gina na 2004 a kai an ɗauko ta ne daga tsibiran Orkney na arewacin Sikotlan, inda ainihin Skara Brae take, wani tsohon ƙauye na mutanen zamanin dutse, wanda sunansa aka sa wa garin da ke cikin na 1985. Ka ga ko da lauyoyi suka raba gado ba su raba asali ba.

Wai an kashe masa mutane cikin minti biyar. To da me kake jira, a shimfiɗa maka darduma? Haka na 1985 ɗin yake, kowa haka aka yi masa. Ka fito daga zauren 'yan kasada da mutum shida ba ko sulken kirki, ka nufi shagon Garth sayen makami, kafin ka kai an tare ka a lungu, in kuma dare ya yi maka a titin Skara Brae sai dai wani ba kai ba. Mugun boka Mangar ya rufe garin da hunturun da ba ya ƙarewa, ba mai shiga ba mai fita, kuma gem ɗin ba ya jin tausayinka ko kaɗan. A asalinsa babu taswirar da ke zana kanta, kai za ka nemo takarda mai gida-gida da fensir, taku ɗaya gida ɗaya, kowane hawa na kurkukun da kake yawo a ciki gida 22 ne a tsaye 22 a kwance, ga wuraren da za su juya ka ba ka sani ba ka ci gaba da zana ƙarya, ga inda fitilarka za ta mutu. Ko ƙarin matsayi ba a ba ka haka kawai, sai ka nemo inda kwamitin tantancewa yake a cikin gari ka kai kanka. Akwai ɗaki ɗaya a fadar Harkyn da mayaƙa 396 ke jiranka, rukuni huɗu kowanne 99. Mutane sun yi wannan a kan tsofaffin kwamfutoci irin su Apple II da Commodore 64, ba intanet ba bidiyon da za ka kalla a nuna maka hanya, kai kuma kana kwance kan katifa da waya a hannu minti biyar ta gagare ka har kana da bakin cewa tarkace.

Bari in sauke murya, don gaskiya ba faɗa ne ya kawo ni ba. Ni ma ba a zamanin aka haife ni da kwamfuta a gaba ba, a waya na fara ganinsu kamar kowa, kuma ranar farko na rufe na ce wannan azaba ce. Sai da na gama na barkwancin na koma. Abin da ya kama ni shi ne shi mawaƙin kansa, wato Bard ɗin da ke cikin sunan gem ɗin. A na 1985 mawaƙi mutum ɗaya ne cikin tawaga, yana can baya yana kiɗa don 'yan uwansa su ƙara ƙarfi, in ya yi waƙa ta ƙare maƙogwaro ya bushe sai an kai shi mashaya ya jiƙa shi kafin ya iya sake rerawa. Wato tun a wancan lokacin akwai ɗan shaƙiyanci a ɓoye cikin abin, Michael Cranford da ya tsara na farko da na biyu ya riga ya dasa shi. Shekara 19 bayan nan sai aka ɗauko wannan na bayan aka ce to kai ne gaba yau, kuma aka bar shi da halinsa: ba ceton duniya ne ya dame shi ba, kuɗi da mata ne, in ya kaɗa molonsa sai mayaƙi ko mai warkarwa su bayyana su yi masa aikin. Mu da muka tashi muna ganin maroƙa a gidan biki ai ba sai an yi mana bayanin mutumin da bakinsa ne jarinsa ba, yau ya wasa ka gobe in ka hana shi ya yi maka zambo. Hatta zaɓin magana a na 2004 ɗin iri biyu ne kawai, ko ka yi ladabi ko ka yi gatse, kuma ba kullum ladabin ke biya ba. Ranar da na koma na 1985 na ga ɗan mawaƙina a layin baya ƙishi ya hana shi waƙa, wallahi sai da na yi murmushi ni kaɗai, na ce ashe nan aka haife ka.

Muryoyin na 2004 kuma, ɗan wasa Cary Elwes ne ya yi muryar mawaƙin, Tony Jay ya yi ta mai ba da labari, dattijo mai murya kamar daga cikin rijiya wanda a fili yake nuna ya tsani mutumin da yake ba da labarinsa, suna ta cacar baki har ƙarshe. Tony Jay ya mutu a 2006, shekara biyu bayan fitar gem ɗin, duk sanda na ji shi yana gatse sai in ji wani iri.

Masu cewa akwai giya da maganganun banza a ciki, eh akwai, ban ce ka miƙa wa ƙaninka ɗan shekara goma ba, wannan magana ce daban kuma ba ita mutumin ya kawo ba. Masu cewa ai an gyara tsofaffin ukun a 2018 da sabon hoto da taswira, a je a buga wancan, to madalla a buga, Krome Studios sun yi aiki mai kyau. Amma wannan kaka ce da aka yi wa kwalliyar sallah. Ni ina son in gan ta yadda take, na biyun, The Destiny Knight na 1986 da sandar da aka karya gida bakwai, na ukun, Thief of Fate na 1988 da mahaukacin ubangijinsu Tarjan, wanda a shi ne ma aka fara tausaya wa mutane aka sa taswira. Ba wanda ya ce dole ka gama su. Ba wanda ya ce dole ka so su ma. Ka buɗe, ka sha kashi na awa ɗaya, ka koma wurin jikan ka ji yadda dariyar za ta canza. In ba za ka iya ba ka bar su a inda suke, ba su ci maka data ba, ba su roƙe ka abinci ba, amma kar ka ƙara ce musu tarkace a gabana.

Af, tunda maganar takarda mai gida-gida ta zo, don Allah wa ya san inda ake samun mai manyan gidaje? Littafin lissafin 'yar yayata na ɗauka na yage tsakiya ina zana magudanar ruwan Skara Brae, yarinya ta je makaranta malami ya ga shafi ya ɓace, yanzu uwarta ta daina amsa gaisuwata. Na sayo mata sabo dozin guda amma gidajen ƙanana ne, fensir ɗina ba ya shiga, kuma hawa na biyu na riga na ɓata shi sau uku.