Masu yi wa jigo dariya, kun taɓa sayen man ban ruwa?

Tun makon jiya wani bidiyo ke yawo a Facebook, wani dattijo a gefen Daura yana ban ruwan albasarsa da jigo, mutane kuma sai dariya suke, wai a wannan zamanin har yanzu akwai mai wannan wahalar, wai ci baya ne. Wallahi abin ya ɓata min rai. Yawancin masu dariyar ba su taɓa ɗaukar jarka sun tafi neman man injin ban ruwa ba.

Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba har sai da ta haura 1,000. Ku je Ajiwa ko Jibiya ko Sabke ku tambayi mai lambu, zai gaya muku kafin tumatir ya nuna injin ya cinye ribar, wasu sun koma gas, wasu sun rage fangali, wasu sun haƙura da noman rani gaba ɗaya. To wanda ya tuna da dabarar kakansa ya ceci albasarsa shi ne abin dariya?

Ni na tashi na ga jigo a lambun kakana. Gwafa ce a kafe bakin rijiya, da doguwar sanda a bisa, curin laka a gindi, igiya da duma a ɗaya bakin. Ka ja ƙasa duma ya cika, nauyin lakar ya ɗago maka shi, ka juye a magudana ruwa ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya. Duk sirrin yana wajen auna lakar nan, in ta yi yawa ta wahalar da kai wajen ja, in ta yi kaɗan ruwan ba zai taso ba, kuma tsoho da hannu kawai yake ganewa. Na san jigo ba zai shayar da hekta goma ba, kuma sai inda ruwa ke kusa, amma ai talaka ba hekta goma gare shi ba.

Za a ce a sayi sola. Wanda kuɗin taki ya gagara ne zai sayi faranti da famfo, ya kuma kwana yana gadinsu?

Matsalarmu ita ce duk abin da bai zo cikin kwantena ba mun raina shi. Dubi tashar lantarki ta Lambar Rimi a jihar Katsina, injinan iska 37, megawat 10, aikin da aka faro tunaninsa tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, kamfanin Faransa ya karɓa, aka yi fiye da shekara goma ana jan ƙafa. Iskar da ta sa aka zaɓi wurin ita ce dai ke kaɗawa a lambunanmu duk hunturu, daidai lokacin da shuka ke neman ruwa, amma ban ga ana maganar ƙaramin famfon iska wanda mai walda a Ƙofar Ƙaura zai iya haɗawa ya kuma gyara ba. A tudun Lasiti na tsibirin Kirit a Girka, dubban irin waɗannan fankoki masu fikafikan ƙyalle ne suka riƙa jawo ruwan rijiya zuwa gonaki, injin ya zo aka watsar da su, yanzu sun dawo suna gyara wasu don sun gane gado ne.

Mu kuma mun killace rijiyar Kusugu muna kai baƙi, madalla, amma kayan aikin da suka ciyar da garin mun bar su gara na ci. Hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, KTARDA, da kwalejin fasaha ta Hassan Usman su zauna da masu walda da tsofaffin masu lambu mana, a gwada ko a fadama ɗaya ce. A ƙauyenmu mutum biyu suka rage da suka iya ɗaura jigo, ɗaya ma idonsa ya fara rauni.