Gefen titin Jega ba shi da mai shi

Sana'ata a Ingila tuƙin motar raba kaya ce, kuma mafi yawan kwanakin mako ina kan babbar hanyar M6, tsakanin Bamingam da Manchesta. Duk wanda ya ce maka Bature ba ya jefa shara ta taga, bai bi hanyar nan a ƙarshen hunturu ba, lokacin da ciyawa ta kwanta, abin da ta ɓoye ya fito fili: gwangwanayen lemo, kofunan takarda, robobin ruwa, wani wurin har tsohuwar katifa da ɓaraguzan gini da aka sauke da tsakar dare. Hukuma a Ingila tana ƙirga fiye da sau miliyan 1 da ake zubar da shara ta haramtacciyar hanya a shekara guda. Ni dai ban yarda sun fi mu tsaftar zuciya ba.

Abin da suka fi mu shi ne kowane taƙi na titi yana da wanda za a kama da laifi idan ya ƙazanta. Dokar kare muhalli ta 1990 ta raba aikin: manyan hanyoyi irin M6 suna wuyan hukumar National Highways, mafi yawan sauran kuma na ƙananan hukumomi ne. Kwasar ma ba wasa ba ce, don sau da yawa sai an rufe layi ɗaya da dare kafin ma'aikata su taka gefen kwalta. Tun 2018, idan aka jefo abu daga mota, ana iya cin tarar mai motar ko da ba a gane hannun da ya jefa ba. A 2023 aka ɗaga iyakar tarar nan take ta yar da shara zuwa fam 500, ta jibge ta a inda aka hana kuma zuwa fam 1,000. Har wanda ya ba ɗan kwasar da ba shi da lasisi shararsa, idan aka tsince ta a daji, shi ma doka na iya hawa kansa.

Zuwana gida na baya na shigo ta Sakkwato, na bi Tambuwal zuwa Jega, bayan kwana biyu na wuce Koko da Yawuri. Tun kafin ka ga allon gari, leda ce ke fara yi maka maraba. Baƙa da fara, ta maƙale a ƙaya, ta lulluɓe kunyoyin gonakin bakin hanya. A motar hayar da na shiga, wata dattijuwa ta gama shan ruwan leda tana neman inda za ta ajiye, sai direba ya ce mata, "Hajiya, jefa ta taga mana, ai daji ne." Da zuciya ɗaya ya faɗa, motarsa yake so ta zauna fes. Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin abin da ya kira daji gonar wani ce, kuma burtalin shanun wani ne.

Mu a Kebbi ba batun kyan gani kaɗai ba ne. Je mahauta ka tambayi duk wani mahauci abin da yake fitarwa daga tumbin saniya ko akuya. Tunkiyar mahaifiyata ta yi ta ramewa ga abinci a gabanta, aka ba ta jiƙo, aka yi mata allura, ba ta tashi ba. Da aka yanka, ƙullin leda aka zaro, ya cure kamar igiya. Wannan tunkiyar ita ce asusun tsohuwa, da ita take shirin hidimar Sallah. Sannan ga kwalbati. Jihar da fadama ta ratsa ta ko'ina, idan leda da yashi suka toshe bakin kwalbati, ruwan Agusta sai ya nemi hanya ta kan kwalta, ya ci gefenta, ya faɗa gidajen mutane. Bayan damina kuma mu yi ta kukan ramuka kamar daga sama suka faɗo.

Ina ganin ɗabi'ar ta samo asali ne tun lokacin da jefarwa ba ta cutar da kowa. Da can alala a ganye take, fura a ƙwarya, tsire a takarda. Ka jefa ɓawon rake ko ganye, akuya ta cinye, saura ya zama taki. Mazubi ya canza, hannu bai canza ba. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari da ke leƙa har cikin randa, mu kuma mun tashi da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata da ta samu gindin zama a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiyagbon, wanda aka fara a 1984. Amma duk wannan tsaftar cikin gari ce. Ana share unguwa, a loda a baro ko kura, a kai bakin babban titi a juye.

To wa zai kwashe? Titin na gwamnatin tarayya ne, hukumar FERMA kuma aikinta gyaran kwalta. Tsarin mulki ya ɗora kwasar shara a kan ƙaramar hukuma, ita kuwa tana kallon titin a matsayin kayan Abuja. A tsakanin nan juji ke girma, har sai wani ya gaji ya cinna masa wuta, hayaƙi ya rufe wa direbobi ido.

Ba na cewa a kwaso kyamarori da tarar Ingila a dasa a mararrabar Koko. Cin tarar mutumin da ba a nuna masa wurin zubarwa ba zalunci ne, kuma zai zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro. Muna da abin da su ba su da shi. Babu motar haya da ke lodi ba da sanin ƙungiyar direbobi ba. Kowace kasuwa tana da sarkinta, kowace sana'a da shugabanta, daga masu tsire zuwa masu shayi. Sharar hanya kuwa mafi yawanta daga inda mota ke tsayawa take tasowa. Idan ƙungiya ta ce mota ba ta tashi sai da buhun shara a ciki, gobe za a ga buhu. Idan liman ya tuna wa jama'a ranar Juma'a cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, za a ji. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne ta ware fili nesa da kwalta da magudanar ruwa, ta sa tifa ta riƙa zuwa a ranar da kowa ya sani.

Ƙanena yana jigila tsakanin Jega da Kwantagora. Kafin in dawo na roƙe shi ya ɗaura tsohon buhun shinkafa a bayan kujerarsa, ya kuwa ɗaura. Makon jiya ya kira ni ya ce, "Yaya, fasinja suna sakawa, ba wanda ya yi musu. 'Yan bola jari suna karɓar robobin. Ledar ce na zagaya tasha da ita ban samu inda zan juye ba, ga ta nan a but na dawo da ita gida."