Kwaɗon ya yi kyau, amma mabuɗin yana hannun wa?

Wani dattijo da muke kira Baffa, ɗan kasuwar riɗi da dawa, ya shigo shagona a Gadarif, gabashin Sudan, da ƙunshi a aljihun rigarsa. Ya warware tsumma, ya ajiye wani baƙin faifan ajiya a kan tebur, girmansa bai kai tafin hannu ba. Daga Wad Madani ya fito da shi a watan Disambar 2023, lokacin da yaƙi ya watsa garin, kuma uwargidansa ce ta ɗinke shi a cikin matashin kai har suka wuce shingayen hanya. A ciki akwai lissafin shagonsa na shekaru: wa ya karɓi buhu nawa, wa ya biya, wa ake bi, da hotunan takardun gida da na gona. Babban ɗansa ne ke riƙe da wannan aiki, yaro mai ilimi da tsantseni, shi ne kuma ya kulle faifan da kalmar sirri don kada ya faɗa hannun da bai dace ba. 'Yan watanni da isowarsu zazzaɓi ya kwantar da yaron, Allah ya karɓi abinsa.

"Ɗana, an ce mini kai ne mai buɗewa," in ji shi.

Na jona faifan a kwamfuta, ya nemi kalma. Na ce, "Baffa, marigayi bai taɓa faɗa wa kowa kalmar ba? Ko ya rubuta ta a wani wuri?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ni nake tsammanin zan riga shi."

Na gaya masa gaskiya, ban kuwa ji daɗin faɗarta ba: ba zan iya ba, kuma duk wanda ya ce masa zai fasa wannan kwaɗo cikin kwana biyu, kuɗinsa yake so ya ci. Kwaɗon da ake kulle bayanai da shi yau ba irin na ƙofar shago ba ne da za a kira maƙeri ya zo da guduma. Lissafi ne tsagwaronsa. Manhaja takan ɗauki rubutu ko hoto ta dagula shi ya zama tarkacen lambobi, ba kuma mai mayar da shi yadda yake sai mai mabuɗin. Mafi yawan manhajojin suna aiki da tsarin AES, wanda masana biyu 'yan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, hukumar ma'auni ta Amurka ta amince da shi a 2001. A samfurinsa mai ƙarfin 256, yawan mabuɗan da za a gwada lamba ce mai alƙaluma 78. Ko an tara kwamfutocin duniya kaf, ba za su gama gwaji ba. Ƙofa ɗaya ce ta rage, a cinki kalmar da mutumin ya zaɓa, yaron nan kuwa ba mai zaɓar kalma da wasa ba ne.

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, mutanen ƙasar nan sun gane cewa abin da yake wuri ɗaya ɓatacce ne. Ɗalibai sun bar takardun shahadarsu na makaranta a gidajen da aka kwashe, 'yan kasuwa sun bar littattafan bashi, iyalai sun bar takardun filaye. Sun kuma gane cewa abin da yake buɗe a cikin waya na iya jawo wa mai shi wahala. Shi ya sa yanzu kusan duk matashin da ya shigo wurina zancensa biyu ne: yadda zai kwafe kayansa zuwa rumbun intanet, da yadda zai kulle su. Madalla da wannan. Abin da ke damuna shi ne ban cika jin tambaya ta uku ba, wadda a ganina ita ce babba: in ba na nan, ko in wayata ba ta nan, wa zai buɗe? Kulle ajiya ba tare da shirin mabuɗi ba ƙona rumbu ne a hankali, sai dai mai shi ba ya ganin hayaƙin sai ranar da yunwa ta zo.

Kada a ce ina hana kullewa. Kwafin ajiya shi ɓarawo ya fi so, domin a nan ake tara komai wuri guda, kuma shi ne ba a cika tsarewa ba. A 2022 masu kutse sun shiga kamfanin LastPass, wanda sana'arsa ke nan ajiye wa mutane kalmomin sirri, suka kwashe kwafin ajiyar taskokin abokan hulɗarsa. Abin da ya tsaya tsakanin ɓarayin da sirrin mutane shi ne kwaɗon da ke kan taskokin da kuma ƙarfin kalmar da kowa ya zaɓa. Haka abin yake da WhatsApp, wanda shi ne kasuwarmu da gidan wayarmu. Saƙon da ke tafiya tsakaninka da ɗan'uwanka a kulle yake, amma kwafin hirarku da ke hawa Google ko iCloud ba ya samun irin wannan kwaɗo sai ka kunna shi da hannunka. Tun Oktoban 2021 aka kawo wannan dama: ko ka sa kalmar sirri, ko a ba ka mabuɗi mai alƙaluma 64. Kamfanin kuma ya faɗa ƙarara cewa in ka rasa mabuɗin ka kuma rasa wayar, shi ma ba shi da yadda zai yi.

Akwai masu cewa, ai mabuɗina yana cikin asusuna na intanet, ba abin da zai same shi. To, shi asusun da me kake buɗe shi? Mafi yawanmu da lambar da ake turowa ta layin waya. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN suka ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suka yi makonni ba kira, ba saƙo, ba Bankak, manhajar bankin da muke tura kuɗi da ita. Wanda ya tsallaka Masar ko Chadi ko Habasha da layin Sudan shi ma ya san wannan: ana cewa an turo masa lamba, lambar kuwa ba ta da hanyar zuwa. Ga layin da aka ƙwace tare da wayar. Ga kuma ƙa'idar Google da ta fara aiki a Disambar 2023, cewa asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba ana iya goge shi da duk abin da ke ciki. Wanda ya gudu a farkon yaƙin bai sake shiga asusunsa ba, shekara biyun sun riga sun cika masa. Mabuɗin da ya rataya a kan layin waya ɗaya, a ƙasar da layi ke ɗaukewa, amanar da aka ba iska ce.

Wannan kuskure ba na talaka kaɗai ba ne. Ranar 19 ga Yulin 2024 wani sabuntawa mara kyau daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Gyaran ba wuya, amma kwamfutocin da ke kulle da BitLocker, kwaɗon da Windows ke sa wa faifai, sai an sa musu mabuɗin ceto mai alƙaluma 48 kafin a taɓa su. Sai ga wasu manyan ma'aikatu sun tarar da cewa mabuɗan nasu suna cikin wata kwamfutar da ita ma ta durƙushe. Sun kulle ɗaki, mabuɗin yana ciki. Ina kawo wannan ne domin sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa a kulle suke zuwa tun daga kafawa, mai su bai ma sani ba, sai ranar da shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Duk mai irin wannan kwamfuta ya nemo mabuɗin cetonsa yau, tun tana buɗewa, ya kwafe shi da biro.

Da biro, haka na ce. Na san an daɗe ana gaya mana cewa rubuta kalmar sirri a takarda ganganci ne, kuma ni ban yarda da wannan ba a halin da muke ciki. Mai kutse da ke wata nahiya ba ya iya karanta takardar da ke cikin adakar gwaggonka. Haɗarin takarda shi ne a ajiye ta tare da abin da take buɗewa, ko a rubuta a kanta ga abin da take buɗewa. A raba su: faifai a Gadarif, ambulan a Kasala ko Bor Sudan, wani ambulan ɗin kuma a wurin ɗan'uwa a Kano ko Jidda. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903, har suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da gafaka suka zo, kuma littattafan da suka tsira su ne waɗanda almajirai suka kwafa suka watsu a hannaye da yawa.

Ita kanta kalmar, kada ta zama sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, kada kuma ta zama aya ko karin maganar da kowa ya sani, domin irinsu ake fara gwadawa. Kalmomi shida ko bakwai da ba su da dangantaka da juna sun fi, kuma sun fi sauƙin rubutawa ba kuskure. Wani abu da na sha gani a shago: mutum ya sa kalma da haruffan Larabci ko da ƙ da ɗ da ɓ, ranar buƙata ya samu kansa gaban kwamfutar da ba ta da su. A yi ta da haruffan boko marasa lanƙwasa.

Wani abokina ya taɓa ce mini duk wannan zance ne na masu zaman lafiya, domin a shingen bincike, wanda a nan ake ce wa irtikaz, mai bindiga ba ya fasa lissafi, cewa yake yi "buɗe", kai kuma ka buɗe. Gaskiyarsa. Kwaɗo ba ya maganin tilas, kuma wayar da aka share fayau ita ma tana jawo tambaya. Amma wannan hujja ce a kan inda abu ya kamata ya zauna. Abin da zai cutar da kai ko wasu bai kamata ya bi ka hanya ba sam. A kulle shi, a tura shi gaba ko a bar shi a baya, mabuɗin kuma ya bi wata hanyar.

Ba kuma komai ne ke buƙatar kwaɗo iri ɗaya ba. Hoton shahadar makaranta, da fasfo, da lambar ɗan ƙasa, da takardar aure, ɓatansu ya fi fallasarsu ciwo, don haka su a yawaita kwafinsu a hannun dangi amintattu. Amma sunayen iyalan da ke karɓar abinci a takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, da bayanan marasa lafiya, da hotunan mata na cikin gida, da lissafin wanda ake bi bashi, waɗannan sirrin wasu ne da aka ɗora maka. Su sai ka kulle da kanka kafin su hau rumbun kowane kamfani. Kayan aikin kyauta ne: 7-Zip yana ƙunshe fayiloli ya kulle su da AES, VeraCrypt yana kulle faifai sukutum, KeePass yana tara kalmomin sirri a taska ɗaya mai kalma ɗaya.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne ƙungiyoyinmu: kwamitin masallaci, asusun 'yan kasuwa, adashin mata, matasan da ke dafa wa 'yan gudun hijira abinci. Kusan ko'ina yaro ɗaya ne "mai kwamfuta", komai yana kansa. In an ce a ba mutum biyu mabuɗin, sai a ce ba a yarda da juna ba. Masana sun daɗe da warware wannan. Tun 1979 Adi Shamir ya nuna yadda za a raba sirri ga mutane da yawa ta yadda sai wani adadi daga cikinsu sun haɗu zai buɗu. Akwai mai kama da shi da ba ya buƙatar lissafi. A yi doguwar kalma a kasa ta uku. Liman ya riƙe kashi na farko da na biyu, ma'aji ya riƙe na biyu da na uku, wani dattijo ya riƙe na farko da na uku. Ba wanda zai buɗe shi kaɗai, amma kowane biyu daga cikinsu sun isa, ko da na ukun ya rasu ko hanya ta yanke. Sharaɗin kawai kowane kaso ya yi tsawon da ba za a cinke shi ba.

Mu da aka umarta a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, da mu rubuta bashi mu kuma kafa shaidu, ban ga yadda za mu rubuta shi sannan mu rufe shi da kwaɗon da zai mutu tare da mu ba. Hadisin Ibn Umar ya nuna bai dace Musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. A wannan zamani, inda mabuɗin yake yana cikin wasiyya. Haƙƙin magada ne, haƙƙin waɗanda suke binka ne. Kuma ajiyar da ba a taɓa gwada buɗewa ba, ba a san ko ajiya ce ba. Ni kowane watan Sha'aban nakan ɗauko ambulan ɗina, in zauna gaban wata kwamfuta da ba tawa ba, in buɗe kwafin da abin da ke takardar kaɗai. A karon farko na tarar na rubuta harafi ɗaya ba daidai ba, na gyara tun asalin yana hannuna.

Faifan Baffa yana nan a durowata, na naɗe shi a tsummansa. Irin kwaɗon da ke kansa ba ya ƙayyade yawan gwaji, don haka duk lokacin da wata kalma ta faɗo masa ko ta faɗo wa mahaifiyar yaron, yakan rubuto ta ya kawo. Mun gwada sunan unguwarsu a Madani, da sunan malaminsa na allo, da laƙabin da kakarsa ke kiransa da shi. Wasu daga cikin waɗanda yake bi sun zo da kansu sun biya, Allah ya saka musu, wasu kuma ko sunayensu ba ya iya tunawa. Juma'ar da ta wuce ya zo da kalmomi huɗu a bayan takardar magani, muka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya ce zai sake tambayar ƙannen marigayin.